Tarihin ƙunzugu ya shiga salula, amma babu sunan Rumbu a ciki

Tun daga shekara ta 2014, duk ranar 28 ga watan Mayu duniya na tunawa da tsabtar mata a lokacin al'ada. Wata ƙungiya ta ƙasar Jamus mai suna WASH United ce ta assasa ranar, kuma ba da ka aka zaɓe ta ba: 28 su ne kwanakin da galibin mata ke yi daga wannan al'ada zuwa mai zuwa, watan Mayu kuwa shi ne na 5, kwatankwacin kwanakin da jinin ke ɗauka. Daga cikin abubuwan da ƙungiyoyi da ɗaliban jami'a kan saka a intanet a kan wannan batu, akwai wanda ya kamata 'yan kasuwarmu, maza da mata, su san da zamansa, domin maganar hajarsu ake yi a ciki. Tarihin ƙunzugu ne da audugar mata, an jera shi shekara bayan shekara, ta yadda mai salula zai iya bin sa da ɗan yatsa.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, ta ƙaddara igiyar shanya ce aka ɗaura daga wannan gefe na fuskar waya zuwa wancan. A jikin igiyar an yi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli shekara ce. In kika taɓa ƙulli sai hoto ya buɗe da ɗan bayani a ƙarƙashinsa, wani lokaci har da murya. In kika ja igiyar gaba sai ki matso zamaninmu, in kika ja ta baya sai ki koma zamanin kakanni. Mu kira ta igiyar tarihi. Haɗa ta ba ya bukatar injiniya, domin akwai wata manhaja ta kyauta mai suna TimelineJS, wadda jami'ar Northwestern ta Amurka ta fitar, inda mutum zai cike jadawali kawai, shekara a wannan gida, bayani a wancan, hoto a na gaba, ita kuma manhajar ta ɗinke su wuri guda. Hotunan da ake sakawa ma ba su yi wuyar samu ba. Wani Ba'amurke mai suna Harry Finley ya taɓa buɗe gidan tarihin haila a cikin gidansa, a jahar Maryland, daga 1994 zuwa 1998, ya tara tsofaffin kwalaye da tallace-tallace na jaridu, kuma ya saka hotunansu a intanet.

To me ke jikin igiyar? Galibi tana somawa ne daga Ingila, cikin shekarun 1880, inda kamfanin Southalls na birnin Birmingham ya fara sayar da audugar da ake amfani da ita a yar. A 1896 kamfanin Johnson & Johnson na Amurka ya fitar da tasa, mai suna Lister's Towels. Kaya ne mai kyau, amma ya yi kwantai. Dalili kuwa kowace mai tebur a kasuwar Dakwaro za ta gane shi tun kafin a faɗa: jaridu ba su yarda a yi tallarsa a fili ba, mata kuma sun kasa buɗe baki su tambayi mai kanti.

Daga nan sai yaƙin duniya na farko. Kamfanin Kimberly-Clark ya sarrafa ɓargon itace ya fitar da wani abu mai kama da auduga, wanda ya fi auduga shan ruwa kuma ya fi ta araha, aka riƙa ɗaure raunukan sojoji da shi a Faransa. Mata ma'aikatan jinya da ke kula da sojojin su ne suka gano cewa abin yana yi musu amfani a lokacin al'ada. Da yaƙi ya ƙare, kamfani ya waiwaya ya ga kaya jibge babu mai saye, sai ya bi sawun dabarar matan nan, ya fitar da Kotex a shekara ta 1920. Ku lura, 'yan uwa, dabarar ta mata ce, ribar ta kamfani.

Nan ne wurin da nake so Alhaji mai kanti da Hajiya mai tebur su tsaya su duba da kyau, domin Kotex ma ya ci karo da katangar da ta kayar da na gabansa, wato kunya. Abin da kamfanin ya yi shi ne ya shawarci masu kantuna su jera kwalayen a kan tebur, su ajiye akwatin kuɗi a gefe, mace ta zo ta jefa kuɗinta ta ɗauki kwali ta wuce, ba ta ce uffan ba. Sunan ma an zaɓe shi gajere, wanda ba ya tona asirin abin da ke ciki. A ƙarshen shekarun 1920 Johnson & Johnson ya dawo da wata audugar mai suna Modess, ya riƙa buga wata 'yar takarda a cikin mujallu, wadda mace za ta yanke ta miƙa wa mai kanti, shi kuma ya miƙo mata kaya a naɗe, ba mai kallon idon wani. Shekara kusan ɗari ke nan, amma har gobe a garuruwanmu budurwa takan tsaya a bakin kanti tana jiran maza su watse, in sun ƙi watsewa ta sayi ashana ko magi ta koma gida. Wata ƙanenta za ta aika, shi kuma ya je ya faɗa da ƙarfi a gaban majalisa. Mai kantin da ya ware wa wannan kaya kusurwa, ya naɗe shi tun kafin a tambaya, ko ya bar matarsa ta riƙa sayar da shi a cikin gida, shi ne zai kwashe cinikin unguwa. Ba sabon ilimi ba ne, Amurkawa sun yi arziki da shi tun kakanninmu na goye.

Sauran ƙulle-ƙullen ana iya bin su da sauri. A 1933 wani likita mai suna Earle Haas ya samu takardar mallakar fasahar audugar cusawa, wata 'yar kasuwa Gertrude Tendrich ta saye ta a hannunsa, ta fitar da Tampax a 1936. A 1937 Leona Chalmers ta yi rajistar wani ɗan kofin roba da ke tare jinin, a zubar a wanke a mayar. A 1956 wata baƙar fata 'yar Amurka, Mary Kenner, ta samu takardar mallakar wata ɗamara da ke riƙe ƙunzugu kada ya zame. Wani kamfani ya nuna sha'awa, amma da wakilinsa ya zo ya ga launin fatarta sai ya janye, ba ta ci ko sisi daga wannan fasaha ba. A 1969 Stayfree ya zo da auduga mai gam a bayanta, wadda ake mannawa a jikin kamfai, ita ce uwar duk wadda kuke sayarwa yau. A 1983 Always ta fito. Tsakanin waɗannan biyu akwai baƙin ƙulli: a 1980 wata audugar cusawa mai suna Rely, wadda aka yi ta yabo saboda yawan shan jini, ta haddasa wata muguwar cuta ta gubar ƙwayoyin cuta a jini, mata gommai suka mutu a Amurka, dole aka janye ta daga kasuwa a watan Satumba na shekarar. Shi ya sa har yau ake gargaɗin kada irin wannan auduga ta wuce awa 8 a jiki. Ba kowane sabon kaya ne ci gaba ba.

Ƙarshen igiyar kuma maganar haraji ce da gwamnatoci. Kenya ta cire wa audugar mata harajin saye tun 2004, Indiya ta bi a 2018, Najeriya ta cire wa wadda aka yi a cikin gida a farkon 2020, yankin Sikotilan na Birtaniya kuma ya kafa doka a 2020 cewa duk mai bukata a ba ta kyauta, dokar ta fara aiki a 2022.

Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da daɗin kallo. To sai dai duk wadda ta bi igiyar daga farko har ƙarshe za ta fito da fahimta guda: wai da can mata na cikin duhu da tsumma, sai Turawa suka kawo auduga, yanzu kowa ya huta. A ganina nan ne igiyar ke yaudarar mai kallo, kuma ta fuska biyu.

Ta farko, ba a Birmingham tarihin ya soma ba. Duk wadda ta zauna gaban malam ta san babin haila yana cikin littattafan farko-farko da ake karantarwa a zaurukanmu, irin su Ahalari da Risala. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa matan Madina kan aika wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da ɗan mazubi ɗauke da audugar da suka yi amfani da ita, suna tambayar ko tsarki ya samu, ita kuma ta ba su amsa. Ƙarni na bakwai ke nan na Miladiyya, sama da shekara 1,200 kafin Southalls. Mata na amfani da auduga, suna kuma tattauna batun da malamarsu ba tare da noƙe-noƙe ba. Mu da muke bin mazhabar Malikiyya, ai wannan ne ya kamata ya zama ƙullinmu na farko, kuma shi ne amsa ga duk mai cewa maganar ba ta dace da bakin Musulmi ba.

Ta biyu ita ce ta fi damuna. Igiya miƙaƙƙiya tana nuna kamar in sabo ya zo tsoho ya tafi. A ƙaramar hukumar Rumbu, cikin gundumar Dakwaro, a arewacin jahar Maraɗi inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ke somawa, ba haka abin yake ba. Ranar kasuwar Sakabal, matan Hausawa da na Fulani da na Buzaye da ke gogayyar kafaɗa tsakanin rumfuna, kowane zamani na igiyar nan yana jikin wata daga cikinsu a rana guda. Wata tsohon zane ta yaga, kamar yadda uwarta ta koya mata. Wata 'yar kwaleji ce, ta sayi fakiti guda tana lallaɓa shi don ranakun da za ta shiga aji, in ta dawo gida ta koma tsumma. Wata kuma tana da irin wanda ake ɗinkawa da maɓalli, a wanke a sake. Ba shekara ce ta raba su ba. Abu uku ne: kuɗi, ruwa, da wurin da mace za ta ɓuya ta gyara jikinta.

Mu ɗauki kuɗi. Mace mai al'ada duk kwana 28 tana yi sau 13 a shekara. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, fakiti dala ɗari ne, wato sefa 500, kuma guda ɗaya ya ishe ta, alhali sau da yawa ba ya isa. Jika 6 da rabi ke nan a shekara. Gidan da ke da mata huɗu, uwa da kishiya da 'yan mata biyu, jika 26. Kowace 'yar kasuwa ta san tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai auna a watan bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Don haka in mace ta zaɓi tsumma, ba jahilci ba ne, lissafi ne.

Ruwa kuma, wanda ya san arewacin Dakwaro ya san zurfin rijiyoyinsa, inda sai an ɗaura wa jaki ko sa ko raƙumi igiyar guga. Tsumma mai tsabta ba ya cutar da kowa, matuƙar an wanke shi da sabulu, an shanya shi a rana ya bushe ƙayau, an kuma canza shi sau da yawa a yini. Matsalar ita ce ruwan da aka sha wahala aka jawo, na sha ne da na tuwo da na dabbobi, sai abin da ya rage. Ga kuma kunyar shanyawa a tsakar gida, sai a cusa shi da danshinsa a ƙarƙashin katifa ko a saman danga a rufe da wani zane. Danshin nan shi ke kawo ƙaiƙayi da wari da ciwon da mata ke ta kai kuɗinsu wurin masu maganin tebur a kansa. Ita ma audugar kanti ba ta tsira ba: in aka bar guda ɗaya tun safe har dare don tsimi, illarta ba ta gaza ta tsumma ba, kuma da yake akwai leda a cikinta, ba ta ruɓewa, tana cika masai. A 2017 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mata, tare da wata hukumar ruwa da tsabta, sun wallafa wani bincike a kan wannan batu da aka gudanar a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Tilaberi, wanda ya haɗa da matan gari da matan makiyaya. Bincike a kan matan ƙasarmu ke nan, amma ba za ki same shi a jikin igiyar da aka ɗaura a Amurka ba.

Da mu ne za mu ɗaura tamu igiyar, akwai shekarun da 'yan kasuwa kaɗai suka san nauyinsu. Audugar da ake sayarwa a Rumbu ba daga sama take faɗowa ba. Mai yawa daga cikinta tana biyo hanyar Kano ne zuwa Katsina, ta ratsa Jibiya da Ɗan Isa ta sauka Maraɗi, sannan ta yi tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Dakwaro, kafin ta hau mota ko amalanke zuwa kasuwannin ƙauye, kowane zango da abin da yake ƙarawa a kan farashi. Saboda haka watan Janairu na 1994 ƙulli ne, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk kayan da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsalle. Watan Agusta na 2019 ƙulli ne, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba na 2020. Ƙarshen watan Yuli na 2023 ƙulli ne, lokacin da takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanya, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. A Disamba na 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai Always, ya ba da sanarwar daina sarrafa kaya a Najeriya, sai dai ya riƙa shigowa da su daga waje. A 2024 kuma Kimberly-Clark, wato shi dai mai Kotex ɗin nan na 1920, ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu kusa da Legas. A duk irin waɗannan lokuta akwai matan da suka bar auduga suka koma tsumma. Igiyarmu tana tafiya gaba, tana kuma dawowa baya.

Akwai kuma ƙullin da muke alfahari da shi. A 1991, a nan jahar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara, asusun da mata ke zubi duk mako suna ba juna rance, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Masu son finafinan Indiya za su tuna da Pad Man na 2018, wanda Akshay Kumar ya fito a ciki. Labarin gaske ne na Arunachalam Muruganantham, mutumin kudancin Indiya da ya ga matarsa na amfani da tsumma saboda tsadar auduga, ya shafe shekaru yana gwaji har ya ƙera ƙaramin injin yin ta da araha. Abin da fim ɗin ya nuna, kuma ya faru, shi ne ƙungiyoyin mata na ƙauye ne suka riƙa karɓar injin suna sarrafawa suna sayar wa junansu. A Yuganda kuma kamfanin AFRIpads ya kafu a kan ɗinka ƙunzugun da ake wankewa, kuma galibin ma'aikatansa matan karkara ne. Keken ɗinki dai akwai shi a garuruwanmu, asusu akwai shi, masu saye ga su nan. Mace kuma ba ta jin nauyin tambayar 'yar uwarta mace a cikin ɗaki.

Saura tambayar yadda irin wannan igiya za ta isa hannun wadda aka yi domin ta. A nan sana'ata ta rediyo ta koya mini abu guda: rubutu ba ya zuwa inda murya ke zuwa. Akasarin matan karkararmu ba su karanta boko, balle Faransanci ko Ingilishi, intanet kuma a arewacin Dakwaro sai an nemi tudu. Igiyar da ke bukatar a buɗe ta a intanet a karanta, ta 'yan birni ce. Tamu sai dai kowane ƙulli ya zama murya ta minti ɗaya ko biyu, da Hausa da Fulatanci da Tamashek, da hoto guda, a jera su da lamba ta yadda za su bi juna. A tura ta WhatsApp ga mai shi, a zuba wa marar shi a katin waya a wurin masu cajin salula, kamar yadda ake zuba wa'azi da waƙoƙi. Ranar zubin asusu, waya guda ta ishi mata talatin.

Abin da za a zuba a ciki kuwa ba ya cikin kowane littafi, yana bakin tsofaffi. Kafin atamfa ta yawaita, da wane ƙyalle ake yi, saƙi ne ko sawaye? Matar da ke bin garke, wadda ba ta kwana biyu a wuri guda, yaya take yi? Wace shekara aka fara ganin audugar kanti a kasuwar Dakwaro, wa ya fara kawo ta, nawa aka sayar? Yaushe mutane suka fara kiran kowace iri da sunan Vania ko Always, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo? Ungozomomi sun sani, tsofaffin dillalai sun sani, 'yan kolin da suka shekara talatin suna bin kasuwanni sun sani. Kowace shekara kuma ana binne wasu daga cikinsu.

Sai dai a yi hattara wajen ɗauka. Wannan magana ce ta sirri, kuma muryar da ta shiga salula ba ta da linzami, yau tana Rumbu gobe tana Agadas. Kada a ɗauki muryar kowa sai da yardarta, kada a faɗi sunanta ko na mijinta ko na ƙauyenta, kada a saka fuskarta. Hoton ƙyalle da na fakiti sun isa. In tsohuwa ta ce a ji labarinta amma kada a ji muryarta, sai wata ta maimaita shi da bakinta. Mai ɗaukar ma ta zama mace, zai fi kyau a ce ungozoma ce ko malamar lakwal ko shugabar asusu, wadda in ta yi sallama za a shimfiɗa mata tabarma a cikin ɗaki, a kori yara waje.